Yadda Za Ka Haskaka Tankin Murjani da Hasken Rana Ba Tare da Ka Dafa Shi Ba

A wajenmu in aka ce murjani, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne jan dutsen nan da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya da hannu, ko kuma ayar Suratur Rahman da ta ambace shi tare da lu'ulu'u. Wancan jan murjanin ƙashin wata dabba ce da ke zaune a lungunan dutse masu duhu a tekun Bahar Rum, ba ruwanta da rana. Wanda ake kiwo a tankin gilashi a cikin gida danginsa ne, amma halinsu ya sha bamban. Shi ne mai gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa, irin na Bahar Maliya a gaɓar Jidda da Port Sudan, da na Indonesiya da Ostireliya. Dabba ce, amma a cikin namanta akwai wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da ake kira zuzanteli, masu haɗa abinci da haske kamar yadda ganyen tsiro ke yi, suna ba ta mafi yawan abin da take rayuwa da shi. Don haka a wannan kiwon, haske shi ne tuwo.

Shi ya sa mai tankin murjani ke kashe kuɗi mai yawa a kan fitila, ya kunna ta awa goma a yini, ga kuma rana a waje tana zuba a banza. Tambayar da kowa ke yi wata rana ita ce: me zai hana in jawo ta ciki? Babu abin da zai hana. A 1961 wani mai kiwo a Indonesiya, Lee Chin Eng, ya bayyana yadda yake raya murjani da ruwan teku da duwatsun teku da hasken rana, ba tare da tarin injuna ba. Gidan kifi na Waikiki a Hawai ya daɗe yana noman murjani a tankuna a fili, haka Reef HQ na garin Townsville a Ostireliya, wanda aka buɗe a 1987 aka kuma rufe a 2021, babban tankinsa mai lita miliyan 2.5 a buɗe aka gina shi ga sararin sama. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Rana ba ta zuwa da haske kaɗai, da zafinta take zuwa, kuma ba ta da makunni. Duk aikin da ke gabanka na rage ta ne da juya ta, ba na nemo ta ba.

Kafin ka sayi komai, bi sawun rana

Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, lita 300 yake ci. In ka haɗa ruwa da gilashi da dutse da teburinsa, nauyin kan kai kilo 400. Ba abin da za ka ja gefe ba ne ranar da ka gane ka ajiye shi a mugun wuri. Saboda haka matakin farko ba ya cin ko sisi, sai haƙuri.

Samu alli. A ranar da gari ya yi garau, je ɗakin da kake so, duk bayan awa ɗaya ka zana iyakar inda rana ta sauka a ƙasa ko a bango, ka rubuta lokacin a jiki. Daga fitowarta har magariba. Abin da zanen zai gaya maka shi ne awa nawa wurin ke samun rana kai tsaye, kuma a wane sashe na yini.

Amma zanen rana ɗaya labarin wata ɗaya ne kawai. Rana tana sauya hanya a shekara, kuma a nan ne shawarar da ke cike a intanet take ɓatar da mutanenmu, domin galibinta mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta ta don gidajensu. Su a wajensu tagar kudu ce sarauniya, saboda rana ba ta taɓa hawa tsakar kansu. A Landan, tsakar rana a watan Disamba tsayinta daga ƙasa digiri 15 ne kacal, yinin kuma bai cika awa 8 ba, a Yuni kuwa ta kai digiri 62, yinin ya haura awa 16. Wanda ke Kano, wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, lissafinsa daban ne. Rana na bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, a tsakanin nan kuma ta arewa take karkata. Ke nan tagar kudu da ta cika ɗaki da rana a Disamba, a Yuni ba za ta ba ka komai kai tsaye ba. Ba sai ka jira shekara ba, manhaja irin SunCalc za ta nuna maka hanyar rana a kan gidanka a kowace rana ta shekara. Duba 21 ga Yuni, da 21 ga Disamba, da 21 ga Maris, ka kuma lura da bishiya ko benen maƙwabci da zai tare ta.

A ƙasa mai zafi, ni tagar gabas nake zaɓa. Ranar hantsi tana da haske isasshe, tana kuma samun ɗakin da ruwan a lokacin da suka fi sanyi. Tagar yamma kuwa a guje ta. Ranar la'asar na dukan tanki ne bayan bango da rufi sun gama shan zafin yini, zafi a kan zafi.

Ta ina hasken zai shigo?

Hanya uku ce, kuma ba ɗaya suke ba.

Taga ita ce mai sauƙi. Illarta, hasken ta gefe yake zuwa, ya bugi gilashin tanki, gansakuka ta yi ta fitowa a wannan fuskar, murjani kuma ya karkata ya bi inda hasken yake. In ranar ta yi ƙasa sosai, da yawa daga hasken da ya faɗa saman ruwa tsalle yake yi ya koma, ba ya nutsewa. Taga ta dace da wanda ke son rana ta zama ƙari ta awa biyu ko uku, fitila kuma ta ɗauki sauran.

Ta biyu ita ce bututun haske, kuma ita na fi yarda da ita ga tankin cikin ɗaki. Wata ƙoƙuwa ce mai garai-garai da ake kafawa a kan rufi, sai bututu mai sheƙi kamar madubi a ciki ya gangaro da hasken ya huda silin. Kamfanoni irin Solatube da Velux na yin su, waɗanda aka saba sawa a gidaje kuma faɗinsu santimita 25 ne ko 35. Alherinsa, hasken ta sama yake sauka kamar a teku, kuma ƙofar da ya buɗe wa zafi ƙarama ce. Ga tanki mai tsawon santimita 120, bututu biyu a jere sun fi guda ɗaya raba haske daidai. A sa shi gajere, a miƙe, domin kowace kwana da kowane ƙarin tsawo na cin wani abu daga hasken. Bakinsa ya tsaya kamar kamu ɗaya a saman ruwa, yadda hannunka zai shiga tanki ba takura, feshin gishiri kuma ba zai riƙa cin ƙarfen ba. Kada ka cire faifan da ke baza hasken a bakin bututun don son ƙyalƙyalin ruwa, sai ka auna tukuna, domin in babu shi hasken kan taru wuri ɗaya ya ƙone abin da ke ƙarƙashinsa. In akwai irin mai marfin rage haske a ciki, saye shi, kuɗinsa ba asara ba ne. Huda rufi kuma aikin gwani ne. Kwano ko rufin kankaren da aka huda ba a toshe da kyau ba, damina ce za ta tona shi, kuma a kan wayoyin tanki ruwan zai zuba.

Ta uku ita ce babbar tagar rufi, ko ɗakin gilashi, ko rumfa a tsakar gida. Nan murjani ya fi saurin girma, nan kuma aka fi yin asara. Hanya ce ta mai noman murjani da ruwa mai yawa da injin sanyaya mai ƙarfi. Ga mai fara kiwo a garin da bazara ke haura digiri 40, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Auna, kada ka yarda da ido

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin bai sani ba. Idon mutum na daidaita kansa da duk hasken da ya samu, har ɗakin da ke da kaso ɗaya cikin ɗari na hasken waje ya zame masa fayau. Murjani kuwa ƙidaya yake yi.

Ma'aunin da masu kiwo ke magana da shi sunansa PAR, wato yawan hasken da tsiro ke iya amfani da shi da ke sauka a wuri a kowace daƙiƙa. Tsakar rana a ƙasa mai zafi, in sama ta yi wasai, takan kai 2,000. Murjani mai taushi yana jin daɗi a tsakanin 50 da 150. Mai ƙashi da manyan baki, 75 zuwa 200. Mai ƙashi da ƙananan baki irin Acropora, 200 zuwa 400. Dubi tazarar da kyau: ranar da ke waje ta ninka abin da mafi kwaɗayin haske a cikinsu ke buƙata sau biyar. A teku zurfin ruwa ne ke tace ta, jan haske ya ɓace a 'yan mitocin farko, shuɗi ya wuce ƙasa. Tankinka mai zurfin rabin mita kaɗan ne kawai yake tacewa.

In ka samu na'urar PAR mai shiga ruwa, ko aro ko haya, ita ce gaskiya. In ba ka samu ba, ƙaramar na'urar auna luks (ma'aunin haske yadda idon mutum ke ganinsa) mai araha za ta yi maka jagora: a hasken rana, raba adadin luks da 54, sai ya ba ka PAR na kusa. Luks 10,000 ke nan wajen 185. Wannan lissafin na rana ne kawai, ba ya aiki a kan shuɗiyar fitila. Yi awon a wuri uku, saman dutse da tsakiya da kan yashi, a lokaci huɗu, hantsi da tsakar rana da azahar da la'asar, ka rubuta a littafi.

Akwai kuskuren lissafi da nake so ka kauce masa. PAR 250 na awa 10 da PAR 1,000 na awa biyu da rabi, jimillarsu ɗaya ce a takarda. A jikin murjani ba ɗaya ba ce. Zuzanteli na da iyakar abin da suke iya sarrafawa a lokaci guda, abin da ya haura nan ba abinci yake zama ba, guba yake zama a cikin naman dabbar, har ta kai ga korar su ta yi fari fat. Don haka burinka shi ne ka daddatse ƙololuwar tsakar rana, ka tsawaita matsakaicin haske. Abin yi da shi ragar inuwa ce irin ta masu renon tsirrai, mai tare kashi 30 ko 50 ko 70 cikin ɗari, ko ragar sauro ta roba da ake sa wa taga, a ninka ta. Ta ƙarfe kada ta kusanci ruwan gishiri.

Zafi: a nan ake cin jarrabawa ko a faɗi

Mutane sun fi tsoron gansakuka in aka ambaci rana. Ni zafi nake tsoro, kuma ga dalili a lissafe.

Tsakar rana na sauke kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita. Saman tankin nan namu mai lita 300 murabba'in mita 0.6 ne. In rana ta same shi gaba ɗaya ba shamaki, kamar ka tsoma hita mai wat 600 ne a ciki. Wannan na iya ɗaga zafin ruwan digiri ɗaya a cikin kusan rabin awa. Murjani kuwa tsakanin digiri 25 da 27 yake so. A teku, ƙarin digiri ɗaya tak a kan zafin da ya saba da shi a watan da ya fi zafi, in ya ɗauki makonni, ya isa ya sa shi fari. Abin da ya faru ke nan da babban tsaunin murjani na Ostireliya a 1998 da 2002 da 2016 da 2017, da kuma shekarun bayan nan. Haske mai ƙarfi da zafi in suka haɗu, kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa dafi, tankin rana kuma a lokaci ɗaya yake samun su.

Saboda haka yi gwajin ruwan banza kafin ka sa rai ko ɗaya. Kafa tankin a wurinsa, cika shi da ruwan famfo, kunna dukkan famfunan da za ka yi aiki da su, domin su ma suna ƙara zafi. Sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa. Bar shi mako biyu, kuma in da hali a watan da ya fi zafi a garinku. Kullum da daddare rubuta lambobin biyu. In na sama ya wuce 28, ko tazarar dare da rana ta haura digiri biyu, tankin bai shirya karɓar murjani ba. Na taɓa tsallake wannan gwajin saboda ɗoki, na kafa tanki a lokacin sanyi komai lafiya lau, da zafi ya shigo na dawo gida wata la'asar na tarar da reshen da na fi so ya fara fari daga sama. Har yau in na tuna raina na sosuwa, domin dabbar ba ta da ƙafar gudu, ni na ajiye ta a wurin.

Matakan rage zafi, daga mai araha zuwa mai tsada. Na farko inuwa, kuma a waje, a kan rufin ko bayan tagar, domin zafin da ya riga ya shigo ɗaki ya shigo. Na biyu yawan ruwa: ƙaramin tanki na biyu a ƙarƙashin tebur ko a ɗaki mai sanyi, haɗe da babban, yana sa zafi ya hau a hankali. Tanki ƙasa da lita 200 ban ba da shawarar a sa shi a rana kai tsaye ba sam. Na uku fanka mai hura saman ruwa. Wannan dabarar randa ce da kowa ya sani: lita ɗaya da ta tashi ta zama tururi tana tafiya da zafin da zai sauke lita 300 da kusan digiri biyu. A busasshiyar iska tana aiki ƙwarai, a damina ko a garin bakin teku mai laima ƙarfinta kaɗan ne. Sai dai ka tuna ruwa ne ke tashi, gishiri na nan. Kullum a cike gurbin da ruwa mara gishiri wanda aka tace da matatar RO, mai cire gishiri da datti daga ruwa, yadda ma'aunin gishirin zai zauna a 1.025 zuwa 1.026. Ƙaramin famfo mai cikawa da kansa ya fi hannu, domin hannu na mantuwa.

Na huɗu injin sanyaya ruwa, ko na'urar sanyaya ɗakin gaba ɗaya. A nan ya kamata mutum ya zauna ya yi wa kansa lissafin gaskiya. In don rage kuɗin lantarki ka jawo rana, sannan injin sanyaya ya yini yana ruri, to abin da ka tara a fitila ka zubar a injin. A inda ake yawan ɗauke wuta kuma, akwai haɗarin da mai fitila ba shi da shi: in wuta ta tafi, fitilarsa ta mutu zafinta ya tsaya, kai kuwa ranarka na ci gaba da dafa ruwan da famfunansa suka tsaya, ruwan zafi kuma iskar shaƙa kaɗan yake riƙewa. Dole famfo ɗaya mai motsa ruwa da fankar su kasance a kan batir da inbata ko sola. Dole kuma a samu labule ko marfin da kowa a gidan ya san yadda ake rufe shi in ba ka nan. Ajiye robobin ruwa biyu ko uku a firiza, a rufe gam, don ranar gaggawa. A jefa su ɗaya bayan ɗaya, kada a sauke zafin farat ɗaya.

Kafa tankin da batun gansakuka

In gwajin zafi ya yi kyau, zubar da ruwan, jera duwatsu. Jera su da tunanin inuwa: tudu a ƙarƙashin bakin hasken, da rumfuna da lunguna a gefe, yadda kowane irin murjani zai sami gurbinsa, kifi kuma ya sami maɓoya. Zuba ruwan gishiri, ka bar tankin ya nuna na mako huɗu zuwa takwas, har ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi su kafu. A duk wannan lokacin rufe rana kusan gaba ɗaya. Sabon dutse fari da rana mai ƙarfi gona ce da aka share wa ciyawa.

Rana ba ta haifar da gansakuka, taki ne ke haifar da ita, rana ta hanzarta ta. Tsaunukan teku na shan ranar da ta fi ta ɗakinka, ba su rufe da kore ba, saboda ruwansu ba datti, ga kuma kifaye da sauran dabbobi masu cinye gansakuka a kansu dare da rana. Kwaikwayi wannan. Takin nan shi ne naitiret da fosfet, sinadarai biyu da dattin kifi ke bari a ruwa: riƙe naitiret tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, da awo duk mako. Kada ka kai su sifili don tsoro, murjanin da ke cikin haske mai ƙarfi ba fosfet ya fi saurin yin fari. Sa katantanwar teku masu lasar dutse tun kafin ka buɗe hasken sosai. Goge gilashi zai zame maka aikin kusan kullum, musamman mai tankin taga.

Abu biyu ƙanana masu tasiri. Ruwan tanki na yin ɗorawa-ɗorawa a hankali ba ka lura ba, yana tare shuɗin haske. Ranar da ka sa sabon gawayin tace ruwa ya washe, hasken da ke isa ga murjani zai ƙaru a dare ɗaya, don haka sa shi kaɗan-kaɗan. Sai ƙura. Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi yana ɗauke da sinadarin fosfaras da na ƙarfe, shi ne ma iska ke kai wa har dajin Amazon ya zama taki. Tankin da ke buɗe kusa da taga a wannan lokacin taki yake sha. Rufe tagar, ka kuma riƙa wanke ƙoƙuwar da ke kan rufi, domin ƙurar da ta kwanta a kanta na rage haske, ranar da ruwan farko ya wanke ta kuma hasken ya dawo da ƙarfinsa gaba ɗaya.

Shigo da murjani

Gaɓar tekun Afirka ta Yamma ba ta da tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya, saboda ruwan koguna da laka da sanyin ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Duk wanda ke wannan yankin daga nesa za a kawo masa. Murjani mai ƙashi yana cikin jerin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa, mai sa ido kan cinikin namun dawa da tsirrai, ba a tsallaka iyaka da shi sai da takarda. Nemi wanda aka noma, ba wanda aka fasa daga tsauni ba, kuma ga wanda ya je Jidda ko Port Sudan, abin da ke cikin ruwan nan na kallo ne. Sanganeb da ke gaɓar Sudan ma tun 2016 yana cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO.

Fara da masu haƙuri: Sarcophyton da Sinularia, masu kama da fata, da Zoanthus masu kama da furanni. Su Zoanthus da 'yan'uwansu Palythoa wasunsu na da dafi mai haɗari ga mutum, sai da safar hannu da tabarau, kuma kada a taɓa tafasa dutsen da suke kai. Bayan wata shida na zaman lafiya sai masu ƙashi irin Montipora da Stylophora da Pocillopora. Acropora da kawar nan mai launi, Tridacna, su ne masoya rana na gaske, amma su ne na ƙarshen shigowa.

Ko wanda aka noma a teku a ƙarƙashin rana, in ya yi makonni a shago da kwanaki a cikin kwali, ya manta da ita. Ɗauki kowane sabon zuwa a matsayin baƙon haske. Shimfiɗa raga ninki uku a saman tanki, ajiye shi a kan yashi, cire ninki ɗaya duk bayan mako ɗaya ko kwana goma. Bayan an gama cire su sai a fara ɗaga shi sama, taki ɗaya a mako. Ruwa kuma ya riƙa kaɗa shi sosai, domin murjanin da ke cikin haske mai ƙarfi ya fi buƙatar motsin ruwa.

Shi da kansa zai gaya maka halin da yake ciki. In fuskar da ke kallon sama ta koɗe, ƙasan kuma na da launi, bakunan na rufewa da tsakar rana, haske ya yi yawa: mayar da raga yau, ba gobe ba. In ya yi duhu ya koma ruwan ƙasa sosai, yana miƙa wuya sama, haske ya yi kaɗan. In duk jikin ya koɗe lokaci ɗaya har da na cikin inuwa, duba ma'aunin zafi. Wanda ya yi fari amma namansa na nan bai mutu ba. Sauke shi inuwa, daidaita zafi, ba shi abinci kaɗan, sau da yawa launinsa kan dawo cikin makonni ko watanni.

Fitila ba ta tafi ba

Gara in gaya maka tun yanzu: a hasken rana tsantsa, murjani ba ya yin ƙyallin nan na hotunan intanet. Waɗancan launukan shuɗiyar fitila ce ke tayar da su. A rana za ka ga ruwan ƙasa da ruwan zuma da kore mai laushi, kifaye kuma su fito da ainihin launinsu, inuwar igiyar ruwa na rawa a kan yashi. Ni wannan ya fi kwanta mini a rai, amma kowa da idonsa. Siririyar fitilar LED shuɗiya, a gefe inda ba za ta tare bututun ba, tana maganin abu biyu: ta ba ka launi da yamma lokacin da kake gida, ta kuma cike giɓi a ranakun hadari da hazo. Kwana biyu ko uku na lumshi ba komai ba ne, a teku ma ana yi. Mako biyu kuwa sai an taimaka. Wanda ke Turai, daga Nuwamba zuwa Fabrairu cikakkiyar fitila yake buƙata. A haɗa rana da fitila kada su wuce awa 12, a bar dare ya zama dare. Farin wata da ke leƙowa ta bututu ba ya cutarwa, da shi ma murjani ke ƙidayar lokacin hayayyafa a teku.

Sauran aikin na kalanda ne. Sake awon PAR duk wata a shekarar farko, ka rubuta ranar da ka ƙara raga da ranar da ka cire. Lokaci mafi haɗari shi ne na sauyi: sama ta washe bayan dogon hazo, ko rana ta dawo kan tagar da ta ƙaurace wa watanni, ko an sare reshen bishiyar da ke yi maka inuwa ba ka sani ba. A watannin da haske ya ƙaru murjani na gina ƙashi da sauri, yana shan sinadaran gina ƙashi da ke cikin ruwa, wato alkali da kalsiyam, fiye da da, don haka awon mako-mako ya ci gaba: alkali tsakanin 8 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, magniziyam wajen 1,300. In za ka yi tafiya, ko ta kwana uku ce, ƙara raga ninki ɗaya kafin ka fita, ka nuna wa wanda zai kula da gidan lambar da ke kan ma'aunin zafi, ka ce masa in ta kai 29 ya ja labule ya kira ka.